Ambulan da Mai Askin Shugaban Ƙasa Ya Aiko

Litinin, 4 ga wata

'Yata Mai-Tambaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga kawunki mai aski, da fatan kina lafiya, aiki bai cinye ki ba. Ni ma alhamdu lillahi, sai dai gwiwar hagu da ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Likitan gidan nan ya ce in rage tsayuwa. Na ce masa to ya koya mini yadda ake yi wa Shugaban Ƙasa aski a zaune.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Mu ma'aikatan cikin gida a bakin ƙofa muke barin wayoyinmu, taki kuwa na ji an ce kunnuwa sun yi mata yawa. Shi ya sa na koma wa biro da takarda, kamar zamanin da nake neman aure.

Magana biyu ce. Ta farko, ina kakkaɓe akwatina na ci karo da hotunan marigayiya mahaifiyarki guda bakwai, da wasiƙu uku da ta rubuto mini lokacin tana koyarwa. Akwai wanda take riƙe da ke kina kuka, baki a wage, kuma tun ran nan ba ki rufe shi ba. Mutane suna cewa zumuncina da ita na nesa ne, kakana da kakanta ne wa da ƙane, amma a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe. Ke ya fi dacewa ki riƙe su. Suna cikin ambulan mai ruwan ƙasa da na haɗo da wannan.

Ta biyu ta fi nauyi. Na karanta abin da kika rubuta ranar Asabar a kan madatsar ruwa. A ɗakin wanki na karanta, don jaridarku ba ta shigowa nan sai a ƙasan kwandon kaya. Kin ce da ruwa ya cika, ƙofa biyu ake iya buɗewa, ta gabas mai zuba a gonar surukin Shugaba, da ta yamma mai zuba a ƙauyuka, aka buɗe ta yamma ba a gaya wa kowa ba. Kin ce kashi na biyu zai nuna wanda ya sa hannu. Tun ranar, ko cokali ya faɗi a gidan nan sai kowa ya waiwaya.

Shekara ashirin da shida ina yi wa mutumin nan aski, tun yana lauya mai ofis ɗaki ɗaya a saman shagon taya. Na san fushinsa daga yadda jijiyar wuyansa take tashi. Jiya bai yi fushi ba, abin da ya dame ni ke nan. Ina shafa masa kumfa ya ce, “Wannan 'yar taka alƙalaminta da kaifi. Ko ta san wanda ya wasa mata shi?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ni wasa aska kawai na sani.” Ya yi dariya ya rufe ido.

Ba zan ce ki bar aikinki ba. Ina dai cewa mai shiga rijiya ya fara duba igiya.

Kawunki

Juma'a, 8 ga wata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin lafiyarka. Ka bi maganar likita, ka samu kujera mai tsawo. Shugaba ba zai mutu ba don an yi masa gyaran fuska a zaune.

Ambulan ta iso hannuna a rufe, ba wanda ya taɓa ta. Kawu, ban taɓa sanin kana ajiye da irin waɗannan takardu duk shekarun nan ba. Abin da ke ciki ya fi ƙarfin godiya. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, na ga abubuwan da ban sani ba. In akwai saura a wurinka ka aiko mini, ko da guda ɗaya ce, amma kada ka naɗe su, tsofaffin takardu ba sa son lanƙwasa.

Ni lafiyata ƙalau, sai dai na bar gidana. Edita ya ba ni wani ɗaki a saman maɗaba'armu, inda ake jibge jaridun da ba su sayu ba. Taga ɗaya ce, tana kallon titi. Farar mota tana tsayawa gaban mai gyaran takalma tun safe, da yamma baƙa ta karɓe ta. In injin ya fara bugu a ƙasa, ƙasan ɗakin yana rawa har ruwan kofi ya zube. Na saba.

Ka ce in duba igiya. Kawu, na je ƙauyukan nan da ƙafata. Wata mata ta ja ni cikin ɗakinta ta nuna mini layin laka a bango, sama da kaina. Ta ce da hantsi ne, tana shanya, ta ji ƙara kamar ta manyan motoci. 'Ya'yanta biyu suna wasa a bakin rafi, ruwan ya tafi da su. Ba ta yi kuka ba, tambayata kawai ta yi, “Da sun aiko ko da mai keke ne, me zai rage musu?” Wannan rubutun shi ne amsar da zan ba ta.

Zancen wasa alƙalami kuwa, ka gaya masa ni na wasa abina. Shekara tara da suka wuce, da na tona asirin gwamnatin da ta gabace shi har tsohon Ministan Ayyuka ya tafi gidan yari, shi yana ɓangaren adawa yana tafa mini. In ya ɗauka tafin nan ya saye ni, ya yi kuskuren lissafi.

Zan ba da wannan a akwatin wasiƙun ma'aikata na bakin ƙofarku, kamar yadda taka ta fito.

'Yarka

Laraba, 27 ga wata

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata gwiwa ce ta hana ka rubutu, ba wani abu ba.

Kwana goma sha tara ke nan ban ji daga gare ka ba. Kashi na biyu ya fito da hoton takardar umarni da sa hannun Shugaba a ƙasanta. An kira Edita ofishin 'yan sanda sau uku. Masu talla sun janye. Mai kawo mana takardar bugu ya ce motarsa ta lalace, kuma har yau ba ta gyaru ba. Ni ban taka titi ba tun wancan makon, masinja ne yake hawo mini da abinci.

A cikin duk wannan, shirunka ne ya fi ci mini rai. In ka auna ka ga shekara ashirin da shida a bayan kujerarsa ta fi zumuncin nesa nauyi, ka faɗa mini da bakinka, ba zan riƙe ka ba. Na san ba ka da wani gida sai wannan ɗakin da suka ba ka. Amma kada ka aiko mini da fuskar uwata, sannan ka juya mini baya a wata guda.

Kashi na uku yana hannuna. Shi ne zai kawo abin da aka faɗa a waya kafin a buɗe ƙofar.

'Yarka, in har yanzu haka ne

Lahadi, 1 ga sabon wata

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina raye, ina cin abinci, gwiwa tana nan yadda take. Na gama gaisuwa, don takardar ba ta da yawa.

Wasiƙa biyu za ki samu daga gare ni. Ɗaya layi biyar ce, babban jami'in tsaron gidan nan, wanda muke kira Dogo, yana tsaye a kaina na rubuta ta. Kada ki kula ta. Wannan ita ce tawa, mai wanki ce za ta fito da ita a cikin rigar matashi. In za ki ba da amsa, ta hannunta kawai.

Wasiƙarki ta takwas ga wata ba ta zo hannuna ba, a teburin Dogo na gan ta. Ya ja jan layi a ƙarƙashin inda kika ce ambulan ta iso, da inda kika ce ban taɓa sanin kana ajiye da irin waɗannan takardu ba, da inda kika ce in akwai saura ka aiko. Ya ce, “Tsoho, karanta mini da ƙarfi.” Na karanta. Ni kaina da na ji ta a bakina, sai da na ji kamar ni na sace takardar umarnin. Na ce hotuna ne. Ya ce, “Hotunan me ake cewa kada a naɗe?” Na ce na mamaciya. Ya ce in kawo shaida. Shaidar kuwa tana wurinki.

Sun kwashe asakena da almakashi, har dutsen washi. Sun mai da ni wani ɗaki a bayan gidan janareta, ba taga sai ramin iska. Ba a dake ni ba, kada ki sa wannan a ranki. Ana dai fito da ni kullum a yi mini tambaya ɗaya har la'asar. Wasiƙarki ta biyu ma Dogo ne ya karanta mini, yana murmushi a inda kika ce na juya miki baya.

Shekaranjiya Shugaba ya sa aka kai ni. Gemunsa ya yi buzu-buzu, wani yaron soja ya yanke shi a haɓa. Ya sallami kowa. Ya ce, “Na san ba kai ba ne. Ba ka ma san inda ake ajiye irin wannan takarda ba. Amma wanda ya yi ba ya hannuna, kai ne a hannuna.”

Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu ƙananan takardu goma sha ɗaya, daure da roba. Rubutun hannunki ne.

Yanzu zan faɗa miki abin da ya kamata in faɗa tun shekara tara. Ambulan ɗin nan da kike tsinta a kantin magani na kusa da tsohon ofishinku, waɗanda suka kayar da waccan gwamnati, ni nake kai su. A cikin jakar askina nake sa su, ƙarƙashin tawul. Shugaba ne yake ba ni su. Shi ya zaɓe ki, don ya ji ina alfahari da ke ina cewa 'yata ta fara aikin jarida. Amsoshin da kike bari wa wanda kike kira Aboki, ni nake ɗaukowa in kai masa. Akwai wadda kika ce, duk abin da ka aiko zan buga, na yarda da kai. Ita ya ɗora a sama.

Akwai abin da ya fi wannan. Ranar da ya ba ni ambulan ta Ministan Ayyuka, a gabana ya zare shafi ɗaya ya ninke ya sa a aljihun rigarsa. Na tambaya, ya ce maimaici ne. Bayan an ɗaure mutumin na ji lauyoyi suna cewa da an ga takardar da ya rubuta yana ƙin amincewa da kwangilar, da bai kwana ko ɗaya a tsare ba. Na gane shafin da aka zare. Na yi shiru. Na ce wa kaina ni ɗan aike ne, ɗan aike ba ya buɗe saƙo.

Ga abin da ya ce in gaya miki. Ko dai ki bar kashi na uku, ko ki faɗi sunan wanda ya ba ki takardar umarni. In kin yi ɗaya, in koma bakin aikina, takardunki su koma aljihun tebur. In kin ƙi, zai ba 'yan jarida su, ya ce ke 'yar aikensa ce tun farko, kin juya ne don ya hana ki muƙami. Ni kuma a kai ni kotu da laifin fitar da sirrin gwamnati.

Ban juya miki baya ba. Abin da na yi miki ya fi wannan muni, kuma na yi shi ina ganin taimakonki nake yi.

Kawunki

Talata, 3 ga wata

Kawu,

Na amsa sallamarka. Na gode wa Allah da ba su taɓa jikinka ba. Ka roƙi mai wanki ta kawo maka man zafi, ɗakin da ba rana zai tayar maka da gwiwa.

Na karanta wasiƙarka a tsaye. Da na kai wurin shafin da aka zare sai na zauna a kan ɗaurin tsofaffin jaridu har injin ya gama bugun rana. Lambar yabon da aka ba ni a kan labarin nan tana rataye a falon gidana. Minista ya mutu a asibitin gidan yari, rabin jikinsa a shanye. Na rubuta labarin mutuwarsa ma, layi shida, har da cewa ya tafi bai nemi gafarar ƙasa ba.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Na yage amsa biyu kafin wannan. Amma kai ka ɗauki ambulan, ni na buga ba tare da na tambayi ko shafi nawa ne ba. Ana kirana Mai-Tambaya tun ina yarinya, ga shi tambaya ɗaya da ta wajaba ban yi ta ba, don labarin ya yi mini daɗi.

Kuma wasiƙata ce ta jefa ka a ɗakin nan. Da na rubuta kalma ɗaya, hotuna, da yanzu kana bakin aikinka. Na so in aika wa Dogo su, amma ka ji abin da Shugaba ya ce, ba shaida suke nema ba.

Sunan wanda ya ba ni takarda ba zai fita daga bakina ba, ko a wannan wasiƙar. Yana da iyali, kuma shi ba za su tsaya yi masa tambaya har la'asar ba. Barin kashi na uku kuma, na gwada shi a raina, sai matar nan da layin laka su tsaya mini a gaba.

Hanya ɗaya na gani, ita ma ba ƙofa ba ce, rami ce. In riga shi. In rubuta da hannuna cewa shi ne Abokin, ni ce ya yi amfani da ita, kuma mun kashe mutum da rabin takarda. In buga shi tare da kashi na uku a rana ɗaya. In na faɗa da kaina, abin da ke aljihun teburinsa ya zama takardar tsire. Edita ya riƙe kai da na gaya masa, ya ce jaridar ba lalle ta rayu ba, amma bai hana ni ba.

Sai dai labarin ba ya tsayuwa sai da wanda ya ɗauki ambulan ya kuma ga an zare shafin. Ko ban kira sunanka ba, mai askin Shugaba guda ɗaya ne a ƙasar nan. Kana hannunsu, ni ina waje. Ba zan yi ba sai da izininka. Ranar Juma'a da azahar ake rufe shafi. In ka ce a'a, zan nemi wata dabara, ko da yake ban san ta ba tukuna.

'Yarka

Alhamis

'Yata,

Lafiya lau nake. Mai wanki tana tsaye, ta ce minti biyu, an fara laluben kwandonta.

Na karanta. Ba ni da bakin da zan ba ki umarni bayan abin da na yi. Ke kin san uwarki, kin san abin da za ta yi in ita ce a wannan matsayi. Ki yi shi. Allah ya tsare.

Kawunki

Laraba, 11 ga wata

Kawu,

Sallama. Ina fata kana lafiya, ina fata kuma wannan ta same ka, don mai wanki ta ce ba ta ga fuskarka ba tun ranar Asabar.

Takardarka ta zo ranar Juma'a saura awa ɗaya a rufe shafi. Da na ga ka ce in yi abin da Inna za ta yi, ban sake tunani ba. Ka tuna shekarar da ta yi kuskuren haɗa makin jarrabawa, wani yaro ya rasa gurbin makarantar gaba? Ba wanda ya gano. Ita ta je gaban hedimasta da takardun ta ce ni ce, aka rage mata matsayi, yaron ya samu gurbinsa. Na gane abin da kake nufi. Na sauka ƙasa na miƙa wa Edita.

Ya fito ranar Asabar, shafi na ɗaya da na biyu. Kafin azahar babu kwafi ko ɗaya a titi.

Amma, Kawu, ba abin da na zata ba ne ya faru. Ba wanda yake zancen madatsa. Ni ake zance. A rediyo wani ya ce wadda ta yi ƙarya sau ɗaya, me zai sa a yarda da ita yanzu. 'Yan adawa da suke ɗauke da hotona makon jiya sun ce dama sun san 'yar leƙen asirin fada ce. Kakakin Shugaba bai ma musa ba, cewa ya yi gwamnati tana tausaya mini, a yi mini addu'a. Ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta karɓe katina. Kashi na uku, da maganar da aka yi a waya kalma bayan kalma, yana nan a shafi na biyu kamar ba a buga ba. Majalisa ta ce za ta kafa kwamiti, ka san ma'anar wannan.

Ranar Litinin na fita, karo na farko cikin mako uku. Farar motar ta bi ni a hankali, ban damu ba. Gidan matar marigayi Minista na je. Ita ta buɗe ƙofa da kanta, ta gane ni. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa. Na fara magana ta ɗaga hannu. Ta ce, “Na karanta. Shekara tara ina gaya wa 'ya'yana ubansu ba ɓarawo ba ne, suna cewa to, Mama. Ranar Asabar babban ya kira ni yana kuka.” Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Sha ruwanki.” Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da zan tafi ta ce in bar mata jaridar da ke hannuna, tata ta yage wajen karɓa-karɓa.

Na dawo ɗakin sama. An karɓe fasfona, an ce kada in bar gari. Duk wannan mai sauƙi ne in na san halin da kake ciki. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

'Yarka

Asabar, 28 ga wata

'Yata Mai-Tambaya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Na san kin ƙirga kwanakin, ki yi haƙuri. An sauya wa mai wanki wurin aiki, sai yanzu ta samu wadda za ta karɓa mata.

Zan fara da abin da na yi ta juyawa ko in faɗa ko in bari. Da na ce ki yi abin da uwarki za ta yi, cewa nake ki yi shiru. Ni uwarki da na sani ita ce wadda ƙanen mijinta ya ci mata mutunci a gaban dangi, ta haɗiye, ta yi shekara talatin ba ta tayar da maganar ba don kada gida ya watse. Labarin makin jarrabawa ban taɓa jin sa ba sai a wasiƙarki. Tsoro ne ya kama ni ran nan, na kasa cewa a'a da bakina, sai na laɓe a bayan mamaciya. Ke kuma kika ɗauko wadda kika sani. Kada ki nemi gafarata a kan wannan. Da na rubuta a'a ƙarara, da yanzu ina jin kunyar da ta fi wadda nake ji.

Ranar da jaridar ta fito na haɗa 'yan kayana a leda na zauna ina jiran motar gidan yari. Har na ji wani sanyi a raina, na ce ko ba komai can akwai ranar fita. Kwana huɗu ba wanda ya zo. A na biyar Dogo ya buɗe ƙofa, ya ajiye jakar askina a gabana, komai yana ciki, an ma wasa mini asake. Ya ce Shugaba yana jira.

Na tarar da masu ɗaukar hoto uku a ɗakin. Shugaba ya tashi ya rungume ni, ya ce musu, “Ga wanda aka ce na tsare. Tsoho ne, an ruɗe shi, na yafe masa. Wa zai miƙa wuyansa ga mutumin da yake tsoro?” Ya zauna, na ɗaura masa tawul, suka yi ta ɗauka. Na san kin ga hoton.

Bayan sun fita na ce, “Ranka ya daɗe, ina neman izinin ajiye aiki. Gwiwa ta gaza.” Ya ce, “Za a kawo maka kujera. Ni da kai sai mutuwa.” An kawo kujerar kuwa, mai tsawo, mai laushi. An mai da ni tsohon ɗakina, an sa mini sabuwar fanka. Sunana yana bakin ƙofa cikin waɗanda ba sa fita sai da takardar Dogo, Dogo kuma ba ya ba da takarda. Kotu ba za ta kira ni ba, don an ce ba ni da laifi. Kwamitin majalisa ma ba zai kira ni ba, don likitan gidan nan ya rubuta cewa na fara rikicewa.

Kin ce ba wanda yake zancen madatsa. A waje wataƙila. A nan akwai mutum ɗaya da yake yi.

Jiya da safe ina tsakiyar yi masa gyaran fuska, ba kowa sai ni da shi, idonsa a rufe, na ɗauka ya yi gyangyaɗi. Sai ya ce, “Su nawa ne ma?”

Na ce, “Su wa, ranka ya daɗe?”

Ya ce, “Ka sani.”

Na ce, “Arba'in da ɗaya.”

Ya ce, “Rahoton da aka kawo mini talatin da takwas ya ce.”

Na ce, “Uku a asibiti suka cika daga baya. Biyu yara ne. Yana shafi na biyu.”

Askar tana daidai ƙasan haɓarsa, ina jin jijiyar tana bugawa a ɗan yatsana. Na jira ko zai ƙara wani abu. Can ya ce, “Ka kula da wajen kunnen nan, jiya ka bar gashi.”

Na kula da shi. Na goge masa fuska, na shafa masa turare, na cire tawul. Ya duba madubi ya ce ya yi. Gobe ma ƙarfe bakwai zan je.

Ki riƙa cin abinci. Ki riƙa buɗe tagar nan ko da motar tana ƙasa.

Kawunki mai aski